Kujerar Kafinta

Mijina kafinta ne, kuma a ganinsa duk abin da ya buga wa ƙusa ya fi ƙarfin karyewa. Sai ga shi wata kujera da ya ƙera da hannunsa ta watse da shi a tsakar falo, ƙeyarsa ta bugi bango, ƙafa ta gurɗe. Kafin ma in ce sannu ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Kwana tara yana kwance, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce zazzaɓi ne.

Ranar ta goma da hantsi ya miƙe zai shiga banɗaki, sai ya dafe ƙirji, numfashi ya gagara, leɓɓansa suka canza launi. Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti.

Likitar, wata 'yar siririya mai saurin magana, ta ce gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe babbar jijiyar huhu, kuma jininsa yana ta sauka. Akwai allurar da ke narkar da gudan, amma in akwai rauni a kai, tana iya sa jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwa.

"Baba, ka faɗi ko ka bugu a kai kwanan nan?"

Mutumin nan, da robar iska a fuska, yana haki kamar wanda ya yi tsere, ya girgiza kai. Har da wurgo mini harara.

Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron yawa.

"Likita, ƙarya yake. Kujera ce ta karye da shi, ƙeyarsa ta daki bango. Taɓa ki ji, ƙullin na nan."

Ta taɓa, ta ce a mayar da allurar. Aka tura shi wani ɗaki, suka zura siririn bututu ta jijiyar cinya suka zuƙo gudan. Awa biyu ina tsaye a baranda.

Da ta fito ta ce da an yi masa allurar nan, ba ta da tabbacin zai farka.

Na shiga na same shi ya buɗe ido. Na kwantar da kaina a ƙirjinsa ina sauraren iska tana shiga tana fita, ina kuka ba kunya.

"Ke," ya ce a hankali, "ɗaga mini mana. Yanzu fa aka gyara wurin."