Zagaye na Uku a Gangaren Fundata

Da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Asabar, Smaranda Vulcu ta juya motar a kan tudun Fundata karo na uku. Jaridar da take yi wa aiki a Braşov ce ta karɓo aron sabuwar motar na kwana biyu, don ta gwada tsarin tuƙi ukun da aka yi mata, ta rubuta wa masu karatu bambancinsu. Maɓalli ɗaya ne mai juyawa kusa da giya: fari na yau da kullum, ja na gudu, kore na tsimin mai.

Ƙa'idar gwajin ita ta kafa ta da kanta. Hanya ɗaya ce, kilomita goma sha ɗaya daga tudu zuwa gadar da ke ƙasa, kuma ba a taɓa maɓallin sai an kai gada. In aka taɓa, awon man ya lalace.

Mahaifinta Gligor na gefenta riƙe da littafi da agogo. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan bas a wannan hanya kafin ya ajiye aiki.

"Karanta min abin da muka rubuta, Baba."

Ya gyara tabarau. "Fari, lita shida da rabi a kilomita ɗari, babu abin faɗa. Ja, lita tara. 'Tana riƙe ƙaramar giya ta ƙi saki, inji na ta kururuwa a gangara babu dalili. Aibi ne.' Har layi kika sa na ja ƙarƙashin aibin." Ya rufe littafin. "Ni dai na gaya miki, wannan ba mota ba ce, firji ne aka sa wa tayoyi. Ina aka taɓa yin mota ba kuloci?"

"Kai ka nace sai ka biyo ni. Danna agogo."

Ta juya maɓallin zuwa kore, suka kama gangara.

A kwana ta farko ta ɗaga ƙafa daga totur. Allurar inji ta faɗo ƙasa, motar ta yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar taya a kwalta.

"Wa ya kashe injin?"

"Bai mutu ba. A kore, da na ɗaga ƙafa sai ta sa kanta a firi. Ta haka take tsimin man."

"Firi? A gangaren nan?" Gligor ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. "A lokacinmu, direban da aka kama yana sauka nan a firi, ranar yake ajiye makulli."

"Akwai birki, Baba."

Ta taka, motar ta lafa. Amma duk lokacin da ta taka, babbar giya motar ke kamawa, wadda ba ta riƙe komai, da ta saki kuma sai ta koma firi. Nauyin motar duka ya koma kan birki, birkin da ya sauka wannan gangara sau biyu a safiyar ba tare da hutu ba.

A kilomita na shida wari ya shigo, kamar an manta dutsen guga a kan riga. Smaranda ta ƙara matse sitiyari. Suka wuce wani gicciyen ƙarfe da aka kafa a bakin kwari, da busassun furanni a jikinsa. Gligor ya san sunan da ke kai, shi ya taimaka aka fito da gawar mutumin daga kwarin. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

A kwana ta gaba ta taka birki, sai ƙafarta ta nutse fiye da inda ta saba tsayawa. Ta saki, ta sake takawa. Ya yi laushi kamar ta taka soso. Gudu na kan saba'in da biyu.

"Baba, birkin ba ya kamawa."

Hannun tsohon ya kai tsakanin kujeru da sauri, inda birkin hannu yake a duk motar da ya taɓa ja. Abin da ya damƙo gorar shayi ce. Ya dubi gorar, ya sake ta ta faɗi ƙasa.

Suka sha kwanar da ƙyar, tayoyin dama na watsa tsakuwa cikin kwari. Saba'in da takwas.

Sai suka ji ƙananan ƙararrawa irin na wuyan dabbobi daga ƙasa, masu yawa, suna kaɗawa a hankali.

"Tumaki," in ji Gligor, muryarsa ta sauya. "Makon Waliyyi Dumitru ne, ana sauko da garke daga duwatsu. Na gan su ɗazu a fili kafin gada. Sun hau titi, 'yata. Kwana biyu za mu sha mu iske su."

Ta danna hon ta riƙe.

"Sa mata giya biyu!"

"Ba ta da giya biyu!"

"To ki nemo mata!"

Littafin ya zame daga cinyarsa ya buɗe. Ba ta kalle shi ba, amma ta tuna kalmar da ta sa aka ja wa layi. Ta cire hannu ɗaya daga sitiyari, ta laluba maɓallin, ta murza shi har ƙarshe.

Allon gabanta ya koma ja. Injin ya fashe da ruri, bel ɗin kujera ya kama su a ƙirji. Sittin da tara. Ta taɓa birki, motar ta sauke wata giyar da kanta, rurin ya ƙaru. Hamsin da biyar. Suka shiga kwanar farko, motar ta karkata amma ta riƙe. Ta sake taɓawa, wata giyar ta faɗo. Arba'in.

Da suka fito daga kwana ta biyu, babu kwalta a gabansu. Tumaki ne daga wannan gefe zuwa wancan, da karnuka, da jaki ɗauke da tukwane, da makiyayi a tsakiya cikin doguwar rigar fata. A dama akwai wani filin tsakuwa mai ɗan hawa inda motocin katako ke tsayawa. Ta karya sitiyari can, ta taka birki da ƙafa biyu. Motar ta ja tsakuwa, ta ja, ta tsaya. Tsakaninta da jakin bai kai taku huɗu ba.

Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba. Makiyayin ya tako a hankali, ya leƙa ta taga, ya shinshina.

"Ranki ya daɗe, motarki na ƙonewa fa."

"Mun sani, ɗan'uwa," in ji Gligor. "Ja dabbobinka."

Garken ya ɗauki minti goma sha biyu kafin ya wuce. Duk tsawon lokacin Smaranda ba ta iya ɓamɓare yatsunta daga sitiyari ba. Gligor ya sunkuya ya ɗauko littafin, ya nemi biro a ƙarƙashin kujera. Sai a karo na uku ya iya cire murfinsa.

"Me zan sa a kore?"

"Sa ba a kammala ba."

Ya rubuta. Sannan ya koma shafin baya, ya soke kalmar aibi da layi biyu, ba tare da ya tambaye ta ba.

Suka zauna minti arba'in har birkin ya huce. Ragowar hanyar zuwa gada a ja suka sauka, injin na ta kururuwa, babu wanda ya yi ƙorafi a cikinsu.