Yadda Suke Rubuta Gwadabe

Shekarar da aka rufe iyakar Nijar, Gwadabe yana can ƙetare da mota cike da dankalin turawa. A unguwar Laranto ya yi lodi, ya ce wa matarsa Balaraba, maman Madina, kwana biyar zai yi. Sai sojoji suka karɓe mulki a can, manyanmu na nan suka yi fushi, aka datse hanya. Sati uku yana kiranta, daga nan waya ta yi ɗif.

Can aka fara raɗe-raɗin wata mota ta kife da direbobin Najeriya da suka biyo hanyar daji za su dawo gida. Abinci ya daina wuce wa Balaraba. Kullum tana tasha, tsaye gaban shugaban direbobi.

"Oga, ku faɗa mini. Ni matar aure ce ko mai takaba?"

"Haƙuri, Maman Madina. Ƙasashen ba sa magana da juna. Sai takarda ta biyo ta ofishin jakadanci."

Wata biyu kafin takardar ta iso, da sunayen mamata bakwai. Shugaba ya bi su da yatsa sau biyu.

"Babu Gwadabe. Je ki yi godiya ga Allah."

Ta yi godiyar, ta roƙi kwafi ta ƙulle a bakin mayafi. Amma duk hanyar komawa gida Kwararafa tambaya ɗaya take yi wa kanta. In yana raye, me ya hana shi kira?

A ƙofar gida ta tarar da Felicitas, maƙwabciyarta mai kitso, wadda ta yi makaranta a Kamaru.

"Maman Madina, yaya fuska kamar an mare shi? Kawo takardar na gani. Kai, wannan ai Faransanci ne, oga naku ya iya?"

Ta fara karantawa da ƙarfi. A suna na biyar ta tsaya.

"Baban maigida, mene sunan shi?"

"Sharafaddeen. Me kika gani?"

Felicitas ta aje matajinta. "Su can, in za su rubuta gwa, goua suke sa. Sha kuma cha." Ta ɗora yatsa a layin: Gouadabé Charafadine.

Balaraba ta ƙura wa rubutun ido. Ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta san surar sunan mijinta a jikin lasisinsa, kuma wannan bai yi kama da shi ba ko kaɗan.

"Ko wani ne?"

"An sa garin haihuwa. Bukuru."

Garin da aka haifi Gwadabe ke nan. Balaraba ta zauna a dakali. Ta tambayi ranar da ya rasu, Felicitas ta faɗa. Ashe rabin takabarta ya wuce tana yawon tasha.

"'Yar'uwa, samo biro," in ji Balaraba. "Rubuta mini shi yadda muke rubutawa, in aika wa liman a yi masa salla."