Tarakta a Gonar Ummaru

Layi uku tarakta ta yi a gonar Ummaru, ta yi tari, ta mutu. Mudi direba ya diro, ya zura kara cikin tanki, ya zaro shi a bushe ƙayau.

"Malam Ummaru, mai ya ƙare."

"To, a ƙaro mana."

"Daga ina? Tun da yaƙin nan ya yi tsanani man gas bai iso Funtua ba. Wannan ma gindin duro na kankaro maka."

Ummaru ya dubi gonar. Shekaranjiya aka tafka ruwa. Ƙasar nan kuwa laka ce, in ba a huɗe ta da danshinta ba sai ta ƙanƙame kamar daɓe, ga shi duk maƙwabta dawarsu ta tsiro. Bakuna tara ke jiran wannan gona.

Bara war haka yana da shanun huɗa biyu, Gambo da Ɗanbaƙi. Da ofishin gona ya kawo tarakta, ta gama aikin mako guda kafin azahar, shi ne kan gaba wajen yi wa masu shanu tsiya. Wa zai yi ta yankan harawa saboda dabba? Ya sayar wa maƙwabcinsa Buba da su, har da garmar da karkiyar, ya rufa ɗakinsa da kwano. Matarsa Mairo ta ce, "Malam, ka bar mana ko guda." Ya ce mata zamani ya wuce nan.

Ya hau keke sai Malumfashi. A ofishin gona ya tarar da manoma jingim, kowa da takardarsa a hannu. Akawu ya buga duro da ƙafa don kowa ya ji da kunnensa cewa babu komai a ciki.

"Yaushe man zai zo?" in ji Ummaru.

"Wallahi ko ni da man gyaɗa nake kunna fitila. Ka ce yaushe!"

Da la'asar ya haɗiye girman kai ya nufi gidan Buba. Ya yi gaisuwa har ta yi tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ayya, Ummaru," Buba ya ce. "Ba ƙeta ba ce. Mutum goma sha ɗaya ne a gabanka, duk na ba su baki. Sai bayan sati uku."

"Sati uku? Ai shuka ta wuce ni ke nan."

"Na sani. Amma yanzu ma gonarka za mu. Ofis sun aiko a janyo musu taraktarsu kada a kwance mata ƙarafa."

Tare suka taka. Ɗanbaƙi ya ji muryar tsohon ubangidansa, ya miƙo wuya ya lashe masa hannu. Ummaru ya ji kunya ta rufe shi, da baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba.

Aka ɗaura sarƙa. Buba ya daka tsawa, shanun suka ƙi motsi. Ya sake, ko gezau.

"Kai suka sani," in ji Buba. "Yi musu magana."

Ummaru ya kira sunayensu a hankali, kamar yadda ya saba. Suka nitsa kofato, suka ja. Tarakta ta biyo su, Mudi na bisa yana murza sitiyari, suka bi ta kan layuka ukun suka baje su.

Mairo na tsaye a bakin gona da ƙwaryar iri a ka. Ta sauke ta, ta miƙa masa fartanya.