Maɓallin Zama

Auta ta sauke ajiyar zuciya tun da ta ji takun Umma a kan matakala. Ta zo! Duk da ciwon gwiwa, duk da mitar da ta yi a waya cewa ita ba yarinya ba ce da za a zaunar gaban allo, ga ta a ƙofar ofis tana haki, jaka a hammata, tana ƙare wa ɗakin kallo.

"Nan ne wurin aikin? To ina aikin? Ni wayoyi kawai nake gani."

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman kantin magani: tebur biyu, kwamfutoci, fanka mai kuka, sai Gemu, abokin aikin Auta. Ita ke zane, shi ke rubuta manhajar. Gemu ya zabura ya gaishe da Umma, yana tura kofunan shayin jiya ƙarƙashin tebur da ƙafa. Umma ta gani sarai, ta dai kawar da kai.

Abin da ya kawo ta ba ƙarami ba ne. Wasan bidiyon da su biyun suka ɓata shekaru a kai, ba wani gida aka zana a ciki ba illa tsohon gidan su Auta, wanda suka bari bayan rasuwar Abba. Abba mai gyaran agogo ne, kuma ɗakin aikinsa ne cibiyar wasan: teburinsa, fitilarsa, agogunan bango, har da 'yar waƙar da yake yi ta hanci in aiki ya yi daɗi, wadda Auta ta ciro daga wani tsohon bidiyo. Umma kuwa tun farko ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Sai na gani da idona. In na tarar kin mai da mijina abin wasan yara, wallahi ba za ki sake shi ba." Auta ta san halin uwarta. In ta ce a'a, magana ta ƙare, aikin ya tafi shara.

Masu wannan sana'a kuma suna da wata doka mai cin rai. In ka ba mutum wasanka ya gwada, ka ja bakinka ka yi shiru. Ba nuni, ba "danna nan", ko gyaran murya babu, domin ranar da wasan ya shiga hannun jama'a ba ka nan balle ka yi bayani. Gemu ya riƙe dokar nan kamar da ita aka haife shi. Abu biyu kawai ya yarda a faɗa wa Umma: babban yatsan hagu shi ke tafiya, na dama shi ke juya ido.

Umma ta karɓi madannin wasan da hannu biyu kamar an miƙo mata jaririn wasu. Ta taɓa na dama, sai ga rufin ɗaki. Ta ƙara taɓawa, ga ƙasa. Daga nan ɗakin ya hau juyawa, ita ma tana karkata jiki tana binsa har kujera ta nemi kayar da ita.

"Kai! Wannan ai sai ya sa mutum jiri."

Ta yi gaba, ta buga goshi da bango, ta ce wa bangon, "Yi haƙuri." Gemu ya cusa gemunsa cikin tafin hannu. Auta kuwa ba ta ga abin dariya ba.

Amma a hankali Umma ta fara kama kan abin. Ta bi barandar a karkace, tana gogar bango, ta wuce kicin ba ta ko leƙa ba, ta miƙe har ƙofar ɗakin aiki ta shige. Ashe an iya!

A nan ne wasan yake farawa da gaske. A kan teburin akwai ƙananan kayan agogo suna ƙyalli, mai wasa ya tsince su ya haɗa, agogunan bango su tashi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa gwadawa, teburin yake nufa. Umma ta wuce shi abinta, ta shige lungun da ke kusa da taga, inda Auta ta zana wata gajerar kujera don kada wurin ya zauna wayam. Ta tsaya nan, rabin allo bango, rabi kujera. Ba ta ƙara motsi ba.

Gemu ya raɗa, "Ta maƙale."

Auta ta sha ganin haka ga waɗanda ba su saba ba: su shiga lungu, su rasa hanyar fita, su yi tsaki su ajiye madannin su ce shirme ne. Umma ta hau danna maɓallai ɗaya ɗaya. Fitila ta kunnu, ta mutu. Taga ta buɗe. Sai ga tsakin nan, dogo, irin nata.

Auta ta manta da wata doka. "Umma, juyawa za ki yi. Teburin yana bayanki, kayan za ki ɗauka."

Umma ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke za ki nuna mini inda teburin ubanki yake? Kuma in taɓa masa kayan aiki? Tun da kike kin taɓa ganin wani ya taɓa ya kwana lafiya?" Ta mai da kai ga allon. "Ni ba ɓata na yi ba. Ina maɓallin zama?"

"Zama?"

"Kujerata ce wannan. Kuna tafiya makaranta nake kawo masa shayi in zauna nan. Ba ya son surutu, ni ma ba na yi. Ga ta kin ajiye mini, kin kuma hana ni zama."

Duk rayuwarta Auta ta ɗauka kujerar masu kawo gyara ce.

Gemu bai jira umarni ba. Ya ja allon rubutun kwamfutarsa, yatsu suka hau ƙara, ya yi 'yar dabararsa ta wucin gadi, ya ƙara wa wasan maɓallin zama. Can ya ce, "Umma, danna na ƙasan nan."

Ta danna. Idon wasan ya sauko a hankali, ya juya. Daga nan ana ganin teburin a gefe, da bayan kujerar Abba, da hasken taga a kan agogunan. 'Yar waƙar nan ta hanci tana tashi ƙasa-ƙasa. Umma ta ɗora madannin a cinya, ta harɗe hannu. Auta ta ga kafaɗun uwarta sun sauka, abin da ba ta gani ba tun ranar da suka kulle wancan gida.

Sai da aka jima Umma ta goge ido da bayan hannu, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ki sake shi. Amma a bar wa mutane wurin zama, ba kowa ne ya zo tsince-tsince ba."

Daɗi ya kashe Auta. Ta miƙa hannu za ta karɓi madannin, Umma ta buge hannun.

"Bari tukuna. Bai gama waƙar ba."