Hannuwan Shiraz

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da 'yan ajin farko ilimin harshe a jami'a a nan birnin Safakus, kuma darasin farko ba ya canzawa: yaro da shirinsa na magana yake zuwa duniya, kamar yadda yake zuwa da shirin tafiya. Ba a ɗura masa da cokali. Harshen da zai tarar kawai yake bukata, kuma da wuri, don shekarun ba sa jiran kowa. Ɗalibai su rubuta, su ci jarrabawa. A gidanmu kuwa maganata ba ta fi ta mai tallan kifi ba.

Shiraz, 'yar yayana Munsif, ta cika shekara uku ba ta ce uffan ba. Kurma ce. Likita ya faɗa, ni ma na faɗa, amma Innarmu ta ce nauyin baki ne. Wata Juma'a na je cin kuskus, na tarar Inna ta zaro kwanon ruwan kanari daga keji, ga gashin tsuntsu da ɓawon iri suna yawo a kai, tana ɗura wa yarinyar.

"Inna, da kashi fa a ciki!"

"Ke ma shi kika sha, ga shi yau har biyanki ake yi kan surutu."

Na ture farantina. Abin da ya fi ƙona mini rai, yarinyar tana magana a gabansu, ba su gani. Ba wanda ya koya mata, amma ta ƙirƙiro wa kyanwa alama, ta ƙirƙiro wa kifi tasa. Ranar nan ma ta ja rigata ta jera mini su: kyanwa, kifi, sai ta cilla hannu waje. Na leƙa madafa, wallahi an sace kifin.

"Yaya Munsif, ka ga jimla guda ta yi? Akwai makarantar kurame bayan tashar jirgin ƙasa. A kai ta cikin masu yaren hannu yanzu, kafin lokaci ya ƙure."

"Malama, bar laccarki a aji," in ji shi, yana tsotsar ƙayar kifi. "'Yata ba za ta riƙa wurga hannu kamar ɗan sanda a mararraba ba. In aka sakar wa hannu, harshe lalaci yake yi."

Ya amshi ɗankwalin Inna ya ɗaure wa Shiraz hannuwa a baya, ya ajiye burodi a gabanta, wai in tana so ta tambaya da baki. Ta dubi burodin, ta dube ni. Ni kuma, mai digiri uku, na ɗauki jakata na fita, wai na yi fushi. Mako shida ban taka gidan ba. Har yau in na tuna ƙyamar kaina nake ji.

Da na koma, Munsif ya tarye ni yana washe baki.

"To, Malama, wa ya yi gaskiya? Ta daina wurga hannun. Saura bakin ya buɗe."

Shiraz tana zaune a tsakar gida, hannuwa a ƙarƙashin cinya. Da ya shiga ɗaki na durƙusa a gabanta, na nuna ƙirjina, na nuna ta, na yi mata duk abin da hannuna ya iya. Idanunta suka fito. Ta waiga ƙofar ɗakin, ta kama yatsuna biyu ta matse su. Sai ta ruga ta dawo da ɗankwalin, ta zagaya bayana tana ɗaure ni, a hankali, don kada babanta ya kama ni.