Lambar Keken Ɗinki

Ni na riƙe ƙafafunta. Mai magani ya ce uwa ba za ta iya ba, tausayi zai hana ta. Hayaƙin kasko ya turnuƙe ɗakin, Auta tana tari, shi kuma yana tsula mata tsumagiya a gadon baya.

"Wa ke raɗa miki lambobin? Faɗi sunansa!"

"Ba kowa! Baba, gaya masa ba kowa!"

Na kafa ido a kan tabarma.

*

A shagona abin ya fara. Auta, 'yar shekara tara, ta leƙa jikin keken ɗinkina inda aka buga 720720.

"Baba, lambar kekenka tana da kirki. Daga ɗaya har sha shida, duk wanda ya zo sai ta rabu masa, ba saura."

Ni da karatuna ya tsaya a firamare, sai na ɗauko waya na gwada. Bakwai, sha ɗaya, sha uku. Ba saura. Murna ta sa na kira maƙwabta. Mai gyaran rediyo ya karanto mata wata doguwar lamba, ta ɗan lumshe ido.

"Wannan marowaciya ce, Kawu. Ba ta rabuwa sai ga ɗaya da ita kanta."

Ni kaɗai na yi dariya. Kafin mako ya zagayo, mata sun daina aiko 'ya'yansu karɓar ɗinki. Yayata ta tako har gida.

"Kai dai sakarai ne tun kana yaro. Yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce. Zauna kana tafi har su ɗauke ta."

Malamar lissafi ta ce baiwa ce, in bar ta. Amma malama ba a layinmu take zaune ba, ba ita ake nunawa da baki ba.

*

Yanzu unguwa ta ce Auta ta warke. Ɗinki ya dawo, har ana yi mini barka.

Jiya muna bakin titi, wata tankar mai ta tsaya, lamba ɓaro-ɓaro a jikinta. Leɓɓan Auta suka fara motsi, fuskarta ta washe. Sai ta ga ina kallonta. Ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

"Ban yi ba, Baba. Wallahi ban yi ba."

Na so in ce ta gaya mini abin da ta gani. Na miƙa hannu in tsallakar da ita titi, sai ta duƙa ta kare kanta.