Takalmin Baƙo a Duwan

"Sa shi a ƙafarka," in ji Mamuda. "Ka je gindin kanyar can ka dawo, ya sha ƙasa, in rubuta tsoho ne, ka wuce."

Inusa ya dubi takalmin da ke bisa tebur, ya dubi Mamuda.

"In sa ƙafata cikin takalmin Baba?"

"Nan da can kawai."

"Shi bai taka ba, ni in riga shi? Haba Mushe. Faɗi wani abu dai."

Mamuda ya ajiye alƙalami. Shi ne komi, wato magatakarda, a wannan biro na duwan, ofishin kwastan, ɗakin laka a bakin iyaka, kudu da Mallawa, inda hanya ke shigowa daga ƙasar Ingilishi. Ya yi shekaru yana karatu a Sanagal, ya dawo aka ajiye shi nan yana leƙa mangalar jakuna. Tun daga nan ake ce masa Mushe, wato malam a bakin Faransawa. Inusa kuwa ɗan maƙwabcinsa ne, tsoho Baƙo, wanda dangar kara kawai ta raba gidajensu.

Baƙo ya jima kwance. Ƙafafu sun kumbura, tafin ɗaya ya tsage ya zama gyambo, malamin asibiti ya ce kada ya sake taka ƙasa ba takalmi. Takalminsa fade ba ya shiga. Shi kuma abu ɗaya ne a ransa: ya je gona da ƙafarsa ya ga hatsinsa ya fid da kai. An kawo jaki, ya ce shi ba buhu ba ne. Shi ya sa aka auna ƙafar da kara, Inusa ya kai wa wani baduku a Kano.

Kowa a iyakar nan ya san abin da ke jiki ba ya biyan duwan. Mutum kan wuce da riga uku a wuya, sabon takalmi a ƙafa, a gaisa ya tafi. Inusa sai ya naɗe nasa a ƙyalle, ya ɗoro a ka, ya tsaya gaban gardi, dogarin duwan, da kansa ya ce sabo ne fil.

"Ba wanda zai gaya wa Baba," in ji Mamuda.

"Ni ai na sani."

Gardamar ce ta fito da shef, shugaban biron, daga ɗakin baya. Bature ne siriri, ba mugu ba, sai dai yana son littafin tarif, na kuɗin fito, kamar shi ya haife shi. Ya ɗauki takalmin ya juya. Saman jar fata, rufaffe, ba igiya. Ƙasan kuwa tayar mota ce aka yanka.

Littafin layi uku ya ba takalmi: na Turawa mai fata sama da ƙasa, na roba, sai na ƴan ƙasa irin fade. Kowanne da kuɗinsa.

"Wane layi?" Shef ya tambaya da Faransanci.

"Na ƴan ƙasa. Baduku ne ya ɗinka."

"Rufaffe ne, har da dunduniya."

"To na Turawa."

"Ƙasansa taya ce."

"To na roba."

"Samansa fata ne." Har murmushi yake, kamar wanda ya tsinci abu.

"A sa shi a mafi tsada, ni zan biya."

"Karɓar fiye da ƙa'ida laifi ne, daidai da karɓar ƙasa da ita."

"Mai shi ba ya da lafiya. Ba na jin zai daɗe."

"Allah ya ba shi sauƙi. Za mu aika ƙafa ɗaya babban biro su gani, su yanke." Ya miƙa wa gardi ta hagu, ya ce ta dama a kulle a mangaza, ɗakin ajiya.

Inusa bai ji ko kalma ba. Ya ga dai an raba takalmin, ya ce, "Mushe, an gama?"

"Tafi gida," in ji Mamuda.

Da la'asar ya shiga gidan Baƙo. Ɗela, matar tsohon, tana tsakar gida tana ɓarar wake, ba ta ɗago ba.

"Ga duwan nan da kansa. Sannu da aiki. An ce kun kama ɓarawo, takalmi."

"Inna, ba ni ba ne."

"Kullum ba kai ba ne. Kujerar ce ke rubutu?"

Daga cikin ɗaki Baƙo ya ce, "Bar ɗan lakwal, ɗan bokon nan, ya shigo." Yana jingine da bango, an rufe masa ƙafafu da zane. "An ce takalmina ya tafi yawo. Ni ban je ko'ina ba, shi ya riga ni."

"Zai dawo, Baba."

"Ya gaishe su. Hatsi dai ba ya jira."

Amsa ta farko da ta zo tambaya ce: tayar ɗinke take da fatar ko da ƙusa aka kafa? Mamuda ya rubuta ɗinke, yana cizon leɓe, don takalmin na gabansu. Sannan ruwa ya ci hanya, motar wasiƙu ta maƙale. Kowace safiya Ɗela na leƙo kai ta saman danga ta ce, "Duwan, an tashi lafiya? Yau ma babu?" Muryar Baƙo kuwa, da ake ji har waje yana yi wa awaki faɗa, ta daina ƙetare dangar.

Ranar kasuwa shef ya tafi rangadi Dungas. Mamuda ya buɗe mangaza, ya cusa ta dama cikin riga. In aka gane, aikin ya tafi, ya sani. Ya wuce gardi ba tare da ya dube shi ba.

A hanya ya gama shirinsa. Mai ciwon ta shiga takalmi, mai lafiyar a naɗe ta da tsumma, shi da Inusa su riƙe tsohon ta gefe da gefe. Gonar ba nisa.

Inusa ya durƙusa ya yaye zanen, ya zura wa ubansa. Takalmin ya shiga kamar a ƙafar aka ɗinka shi. Baƙo ya motsa yatsu a ciki.

"Badukun nan ya iya."

Hankalin Mamuda ba nan yake ba. Ɗaya ƙafar yake kallo, wadda ke ɗaure da ƙyalle mai jirwaye.

"Gyambon a hagu yake?"

"Tun farko," in ji Ɗela.

Ya juya ga Inusa. "Kana tsaye aka ɗauki ta hagu. Kana gani!"

"Ba ka tambaya ba, Mushe. Kuma da Turancinku kuke yi."

"Ido ma sai an fassara maka?"

"Ku bar yi mini ihu a ka," in ji Baƙo. "Ku ɗaga ni."

Suka ɗaga shi. Ya kafa ta dama, ya nemi sauke ta hagu, ya ja numfashi ta haƙora. A haka suka kai shi ƙofar zaure, nauyinsa duk a wuyansu. Daga nan ba a ganin gona, sai rumbunan maƙwabta da hanyar rijiya. Ya tsaya yana kallon hanyar.

"Ya isa. Ku mai da ni."

Da aka kwantar da shi Mamuda ya sa hannu zai cire takalmin, don dole ya koma mangaza kafin shef ya dawo.

"Bar shi," in ji Baƙo, idonsa a rufe.

Ya bar shi.

Da hantsin wata Laraba Mamuda na biro ya ji kuka ya tashi daga unguwarsu. Bai tambayi kowa ba, ya rufe littafi ya fita. Ɗela ce ta cire takalmin kafin masu wanka su shiga. Kafin azahar an kai Baƙo makwancinsa.

Ranar sadakar uku motar wasiƙu ta iso. Shef ya kwance ƙunshi, ya karanta, fuskarsa ta washe.

"Ka gani? Ba kayan sayarwa ba ne, ba ya cikin kowane layi. Ba za su biya komai ba. Kawo ɗayar a sallame su."

"Tana gidan mai shi."

"Wa ya ba da izini?"

"Ya mutu."

Shef ya ninke takardar. Ya tura takalmin gaban Mamuda, ya koma ɗakin baya.

Zauren Baƙo cike yake da masu gaisuwa, takalma zube a ƙofa. Mamuda ya sa aka miƙo masa ta dama daga cikin gida. Bai san wanda zai ba ba. Inusa ya kau da kai. Sai ya haɗa su ya ajiye a gefe, ya tuɓe nasa, ya shiga ya zauna.

Aka shafa fatiha, mutane suka riƙa fita, kowa ya laluba nasa ya tafi. Da rana ta yi sanyi saura jan takalmin a bakin ƙofa, ƴar takarda mai hatimi na rataye da zare a jikin ta hagu. Wata kaza ta zo ta tsattsage ta, ta ga ba abinci ba ce, ta wuce.